Darasi Na Bakwai: Haske a Bakin Manomi, Likita da Malami

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. Faɗin abin da masana kimiyya suke kira haske, da yadda ido yake gani.
2. Bayyana dalilin da ya sa dawa da waken gida suke jiran lokacinsu kafin su fitar da kai ko fure.
3. Lissafa wutar da ƙwan lantarki yake sha a wata.
4. Bambanta hasken da yake magani da wanda yake cutarwa.
5. Gane inda ake maganar hasken da ido yake gani, da inda aka ari kalmar don wata manufa.

Shimfiɗa

Wanda ya wuni a Birnin Kudu yana sauraron mutane zai ji kalmar haske a bakuna da yawa. Tela zai ce da yaronsa ya jawo keke bakin ƙofa, cikin shagon babu haske. Mai sayar da ƙwan lantarki zai rantse nasa ya fi na maƙwabcinsa haske. Ɗan jarida a rediyo zai nemi shugaban ƙaramar hukuma ya yi ƙarin haske a kan rabon taki. Mai tallar man shafawa za ta ce mako biyu ya isa a ga haske. A wurin ta'aziyya kuma a ce Allah Ya haskaka makwancinsa.

Dukansu Hausa suke yi, babu wanda ya yi kuskure. Sai dai kowane fanni yana da abin da yake nufi, yana kuma da ma'auninsa. Mutum yakan yi asarar kuɗi, wani lokaci har da lafiya, idan ya ɗauki ma'aunin wani fanni ya kai wani. Don haka duk inda kalmar ta fito, ku riƙa tambayar kanku: wa yake magana, kuma da me ake auna hasken da yake nufi?

1. Haske a wurin masana kimiyya

Ta fuskar haske, abubuwa kashi biyu ne. Akwai masu fitar da nasu: rana, taurari, wutar kara, aci-balbal, walƙiya, ƙwan lantarki. Akwai kuma waɗanda ba su da nasu, sai haske ya sauka a kansu su mayar da shi: bango, riga, madubi, fuskar mutum. Wata yana cikin kashi na biyu. Farin watan da yara suke wasa a cikinsa a dandali, hasken rana ne ya sauka a kan wata ya dawo mana. Haka ma Zara, wadda ake yi wa kirari da matar wata: duniya ce mai kewaya rana irin tamu, hasken aro take yi.

A da mutane da yawa sun ɗauka ido ne yake fitar da wani abu ya je ya taɓo abin da ake kallo. Wani masani Musulmi, Alhasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya nuna ta hanyar gwaji cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shiga ido. Kowa zai iya tabbatar da wannan. Shiga ɗaki da dare, ka rufe ƙofa da taga, ka buɗe ido iya buɗewa. Ba za ka ga komai ba, alhali idonka lafiya lau yake. Idon kyanwa ma da yake ƙyalli cikin duhu, hasken tocilarka yake mayar maka.

> Akwati na 1
> Haske: wani nau'in makamashi ne da yake tafiya a miƙe daga inda ya fito, idan ya shiga ido sai a gani.
> Inuwa: wurin da wani abu ya tare haske ya hana shi isa.

Babu abin da aka sani ya fi haske gudu. Yana cin kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya.

*Misali na 1.* Tsakaninmu da rana akwai kimanin kilomita miliyan 150. Idan muka raba 150,000,000 da 300,000 za mu sami daƙiƙa 500, wato minti 8 da daƙiƙa 20. Hasken da ya taɓa fuskarka yanzu, tun minti takwas da suka wuce ya baro rana.

*Misali na 2.* Wani manomi yana gona a wajen Sara, hadari ya taso daga gabas. Ya ga walƙiya, ya ƙirga daƙiƙa 9 kafin ya ji tsawa. Walƙiya da tsawa tare suke faruwa, amma haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tana ɗaukar kimanin daƙiƙa 3 kafin ta ci kilomita ɗaya. A raba 9 da 3: aradun ta faɗi a nisan kilomita 3. Idan walƙiya ta gaba ta ba shi daƙiƙa 6, saura kilomita 2, hadarin yana matso shi. Sai ya ajiye fartanya ya nufi gida, kada kuma ya fake a gindin doguwar bishiyar da take ita kaɗai a fili.

Hasken rana da muke gani fari, launuka ne a haɗe. Ɗigon ruwan sama yakan warware su, shi ne bakan gizo, shi ya sa kullum sai ka ba rana baya kake ganinsa. Farar riga tana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kanta, baƙa tana shanye shi ya koma zafi. Haske kuma yana cin launi a hankali. Matan da suke shanya sabuwar atamfa a inuwa sun san haka. Zane-zanen shanun da suke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, waɗanda masu bincike suka fara rubutu a kansu a shekarun 1950, an yi su ne a ƙarƙashin rumfar dutse, inda rana da ruwan sama ba sa dukansu kai tsaye. Wannan yana cikin dalilan da suka sa launinsu ya kawo zamaninmu.

2. Haske a gona

Nan ya kamata mu daɗe, domin yawancinmu da noma muke ci.

Mukan ce taki abincin shuka ne. Gaskiya taki yana taimako ƙwarai, amma ainihin abincin shuka ganye ne yake haɗa shi. Ganye yana ɗaukar ruwan da saiwa ta jawo, ya haɗa da wata iska da yake shaƙa ta ƙananan ƙofofin jikinsa, hasken rana kuma shi ne ƙarfin da yake yin aikin. Abin da ya fito shi ne sukari, wanda yake komawa kara da zangarniya da ƙwaya. A cikin aikin ganye yana sakin iskar oksijin da mu da dabbobinmu muke numfashi da ita. Ka kifa kwano a kan ciyawa ka bar shi mako guda. Ranar da ka ɗaga za ka tarar ta ɗashe ta yi laushi, alhali ƙasar da ruwan ba su canja ba.

> Akwati na 2
> Haɗa abinci da haske: aikin da koren ganye yake yi na mayar da ruwa da iska su zama abincin shuka ta hanyar hasken rana.
> Tsawon yini: awoyin da suke tsakanin fitowar rana da faɗuwarta.

Daga nan za mu gane abubuwan da muke gani kullum. Geron da ya tsiro a ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya yakan yi tsawo siriri, kansa ƙarami. Shukar da aka cunkusa ba a tsuge ba, junanta take yi wa inuwa. Gawo kuwa shi ne abokin manomi na gaskiya: yana zubar da ganyensa da damina, ya sake fitar da shi da rani. Lokacin da shuka take buƙatar rana ya buɗe mata, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki. Wanda ya sare gawo a gonarsa don itacen girki ya yi wa kansa ɓarnar da buhun taki ɗaya ba zai gyara ba.

Akwai wani sirri da ya fi wannan. Gero ƙirgar kwana yake yi: ka shuka shi, bayan kimanin wata uku ya nuna. Dawar gida, irin su kaura da farafara, ba haka take ba. Wanda ya shuka da ruwan farko da wanda ya makara da mako uku, sau da yawa kusan tare dawarsu take fitar da kai, wajen ƙarshen damina. Maiwa ma haka, waken gida mai yaɗo ma haka. Me suke jira?

Yini suke jira ya gajarta. A yankinmu na kudancin Jigawa yini mafi tsawo yana zuwa a watan Yuni, kusan awa 13 ba kwata. Mafi gajarta a watan Disamba, kimanin awa 11 da rabi. Bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba, mu da muke da agogo ma ba mu cika lura da shi ba, amma ganyen dawa yana jin sa. Sai yini ya ragu ya kai wani mizani sannan ta daina yin ganye ta fara yin kai. Masu binciken noma a Samaru ta Zariya sun daɗe da nuna cewa dawar kowane yanki ta saba da ƙarshen daminar yankinta. Hikimar a fili take: ƙwaya ta nuna bayan ruwa ya ɗauke, kada ta yi fumfuna a kan kara.

*Misali na 3.* Wani manomi a Gwaram ya ga dawa mai manyan kai a wata ƙasa da take can kudu da mu, inda damina take daɗewa, ya sayo irin ya shuka. Dawar ta yi tsawo, ta yi ganye gwanin sha'awa, amma ba ta fara fitar da kai ba sai da ruwa ya ɗauke, ƙwayar ba ta cika ba. Irin ba shi da laifi, takinsa ma ba shi da laifi. Dawar tana jiran tsawon yinin da ta saba da shi ne, wanda yake zuwa bayan daminarmu ta wuce.

Akwai sababbin irin wake da cibiyoyin bincike na Samaru da Kano suka fitar waɗanda ba ruwansu da tsawon yini, suna nuna cikin kwana 60 zuwa 70, har da rani ana nomansu a fadama. Saboda haka kafin ka biya kuɗin iri, tambayi mai sayarwa ko malamin gona: wannan irin kwana yake ƙirgawa ko lokaci yake jira?

Kajin gidan gona masu ƙwai su ma tsawon yini suke bi. Suna son haske na kimanin awa 16. Idan yini awa 12 ne, mai kiwo yakan ƙara musu awa 4 da fitila.

3. Wuta da haske

Idan lantarki ya dawo, yara ba sa cewa an kawo haske, cewa suke an kawo wuta. Sun yi daidai. Wuta ita ce take bin waya. Haske ɗaya ne kawai daga ayyukanta, tare da juya fanka da sanyaya ruwa da cajin waya. An kafa hukumar NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a 2013 aka sayar da harkar rarraba wutar ga kamfanoni. Kamfanin KEDCO ne yake kula da Kano da Katsina da Jigawa, ko da yake har gobe NEPA mutane suke cewa.

Kuskuren da aka fi yi a kasuwa shi ne auna haske da wat. Mai saye ya ce a ba shi ƙwai mai wat da yawa don ya fi haske. Wat ma'aunin cin wuta ne. Tsohon ƙwai mai zare a ciki sai zaren ya yi zafi jawur yake ba da haske, kusan kashi tara cikin goma na wutar da yake sha a zafi take tafiya. Ƙwan LED ba ya bin wannan hanya, don haka da wuta kaɗan yake ba da haske mai yawa.

> Akwati na 3
> Wat: ma'aunin yawan wutar da abu yake ja.
> Lumen: ma'aunin yawan hasken da fitila take fitarwa.
> Yunit: abin da mita take ƙirgawa, wat 1,000 na tsawon awa ɗaya shi ne yunit ɗaya.

Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800. Ƙwan LED mai kyau mai wat 9 shi ma kimanin lumen 800 yake bayarwa.

*Misali na 4.* Wani mai shayi a tashar mota yana kunna ƙwai 4, awa 5 kowane dare, kwana 30.

Da tsofaffin ƙwai: 60 × 4 × 5 × 30 = 36,000. A raba da 1,000: yunit 36.

Da LED: 9 × 4 × 5 × 30 = 5,400. A raba da 1,000: yunit 5.4.

Mu ɗauka, don lissafi kawai, ana sayar da yunit ɗaya naira 50. Na farko zai biya naira 1,800, na biyu naira 270, haske kuwa ɗaya. Ku duba rasiɗinku ku sa farashin gaskiya ku sake bugawa. A kuma yi hattara: ba duk abin da aka rubuta a jikin kwali ne gaskiya ba. A sa mai kanti ya kunna ƙwai biyu kusa da juna, ido ya yi alƙalanci.

A ƙauyuka da yawa na Gwaram da Birnin Kudu yanzu sola ce take raba mutane da duhu, ita ce kuma take ɗaga ruwa a famfunan burtsatse. Faifan sola haske yake mayarwa wuta, ba zafi ba. Hasali ma idan ya ɗauki zafi da yawa aikinsa raguwa yake yi. Babban abokin gabarsa a nan ƙurar hunturu ce. A riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da safe, a ɗan karkata shi ya dubi kudu, kada inuwar reshe ko ta katanga ta faɗa masa.

*Misali na 5.* Faifai mai wat 100, idan ya sami awa 5 na rana mai ƙarfi, zai tara 100 × 5 = 500. Wani kaso yana salwanta a batir da waya da ƙura, mu ce saura 350. Ƙwai 4 masu wat 9 na awa 5 za su ci 180. Ragowar 170 ta isa cajin wayoyi da rediyo. Dutsen guga kuwa, mai jan wat 1,000, cikin kimanin minti 20 zai cinye tarin yini guda.

Wanda yake neman haske da janareta, kada ya taɓa kunna shi cikin ɗaki ko zauren da ake kwana. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari wadda take kashe mutum cikin barci.

4. Haske a asibiti da jikin mutum

Wanda ya taɓa raka majiyyaci Asibitin Tarayya na Birnin Kudu ya ji an ce a je a yi hoto. Hoton asibiti ba iri ɗaya ba ne. Eksire, wanda wani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ya gano a 1895, ɗan'uwan haske ne da ido ba ya gani. Yana ratsa tsoka, ƙashi ya tare shi, sai inuwar ƙashin ta fito. Yana da amfani sosai wajen karaya da ciwon ƙirji, amma ba a yin sa barkatai, kuma mace mai juna biyu ta faɗa wa ma'aikaci kafin a ɗauka. Hoton ciki da ake yi wa masu awo, wanda ake kira sikanin, ba haske ba ne ko kaɗan. Sauti ne da kunne ba ya ji, yake shiga ya dawo. Kada tsoron eksire ya hana mace zuwa awo.

> Akwati na 4
> Eksire: hoton da ake ɗauka da wani haske da ba a gani, mai ratsa tsoka.
> Sikanin: hoton cikin jiki da ake ɗauka da sauti.
> Melanin: sinadarin da yake ba fata duhu, yake kuma kare ta daga ƙunar rana.

Akwai inda haske da kansa yake zama magani. Jariri yakan yi shawara a kwanakin farko, idonsa da fatarsa su yi ɗorawa. A asibiti ana kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, a rufe masa ido, hasken ya farfasa sinadarin da ya taru a jininsa har jiki ya fitar da shi. Idan aka yi jinkiri shawarar tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi da kurumta ko naƙasa. Ɗakin mai jego yakan kasance da duhu, a nan ake rasa ganin alamar. A riƙa fito da jariri bakin ƙofa kullum da rana a duba farin idonsa. Idan an ga ɗorawa, asibiti za a nufa a ranar, ba jiƙo ba, ba shanya shi a rana ba.

Tsoho idan ya ce hasken idonsa ya ragu, sau da yawa yana ce ta rufe hanyar da haske yake bi. Ana cire ta da ɗan gajeren aiki a sa wani gilashi a madadinta, gani ya dawo. Masu tura yana da tsinke a gargajiyance sun makantar da mutane da yawa. Haske mai tsanani kuma yana ƙona ido: mai walda ya sa gilashinsa, kada kuma a kalli rana lokacin husufi, irin wanda aka yi ranar 29 ga Maris, 2006, har gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina.

Sai hasken fata, wanda shi kasuwa ce take auna shi. Duhun fatarmu kariya ce da Allah Ya yi mana a ƙasar da rana take da ƙarfi. Mayukan bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa ba suna ba takarda suna hana jiki yin melanin, da yawansu kuma suna ɗauke da sinadarai masu sa fata ta yi siriri, su hana miki warkewa, wasu har su taɓa ƙoda. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Abin takaici ne yarinya lafiyayya ta biya kuɗi a cire mata garkuwarta. Iyaye maza da samari suna da hannu a ciki, domin yabon da suke yi wa fara ne yake raya wannan kasuwa. 'Yan'uwanmu zabiya, da aka haifa ba su da wannan sinadari, su suka san darajarsa: dole su riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu, su nemi inuwa, don gudun ciwon dajin fata.

5. Haske a bakin malamai

Malamai suna amfani da kalmar ta hanya biyu, kuma yana da kyau a rarrabe.

Ta farko, hasken da ido yake gani, domin da shi ake gane lokutan ibada. Azahar tana shiga idan rana ta gota daga tsaka inuwa ta fara ƙaruwa. Isha'i tana shiga idan jan da ya rage a yamma bayan faɗuwar rana ya ɓace. Alfijir kuwa biyu ne: na ƙarya, wanda yake miƙewa sama siriri sannan duhu ya biyo shi, da na gaskiya, wanda yake bazuwa a faɗin gabas yana ƙaruwa. Da na biyun ake sallar Asuba, da shi mai azumi yake kame baki. Kafin agogo ya zo, da sanda da inuwa ladanai suke aiki.

Ta biyu, haske da ma'anar shiriya da sani. Sura ta 24 a Alƙur'ani sunanta Suratun Nur, An-Nur kuma yana cikin sunayen Allah kyawawa. Dutsen da kogon Hira yake kansa a Makka, inda wahayi ya fara sauka ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ana kiransa Jabalun Nur. Daga nan muka sami sunaye irin su Nura da Nuruddini. Wannan haske ba a auna shi da lumen. A aikin mutum ake ganinsa: gaskiyarsa a ciniki, cikar mudunsa, yadda yake riƙe iyalinsa.

> Akwati na 5
> Ma'ana ta zahiri: abin da kalma take nufi kai tsaye, kamar hasken fitila.
> Ma'ana ta aro: ɗaukar kalma a kai ta wani wuri saboda kamanni, kamar hasken ilimi ko ƙarin haske a kan magana.

Malaman jihadi sun so wannan kalma ƙwarai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya fara sunayen littattafansa da dama da kalmar Liya'u, wadda ita ma haske take nufi: tafsirinsa Liya'ut Tawili, da Liya'ul Hukkami wanda ya rubuta a Kano don masu mulki su san yadda ake shari'a da adalci. Yayansa, Shehu Usmanu, yana da Nurul Albabi, inda ya yi kakkausar suka ga mazan da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, alhali suna karantar da ɗaliban waje. Maganar ta haura shekara 200, amma har yanzu akwai gidajen da take jiran a yi aiki da ita. Maigidan da yake zuwa wannan aji ya bar matarsa ba ta iya karanta takardar magani ba, da shi Shehu yake.

Ajin da muke zaune a ciki ma yana da tarihi. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka riƙa buga ƙananan littattafai a Zariya ana kai su ƙauyuka. A 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, aka kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, lokacin Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Idan aka ce ilimi haske ne, a wurinmu ma'anar ba ta da nisa. Ita ce mace ta karanta ranar da magani zai lalace a jikin kwalba, manomi ya karanta nauyin da aka rubuta a jikin buhun taki, magidanci ya karanta takardar fili kafin ya dangwala yatsa.

Tambayoyin bita

1. Kawo abubuwa uku masu fitar da haskensu, da uku masu mayar da na wani. A wane kashi wata yake?
2. Ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙa 12 kafin ka ji tsawa. Kilomita nawa ne tsakaninka da inda aradu ta faɗi?
3. Me ya sa shuka take yin kyau a gindin gawo, ba ta yi a gindin mangwaro?
4. Mene ne bambancin gero da dawar gida wajen lokacin fitar da kai? Wace tambaya za ka yi wa mai sayar da iri?
5. Cike gurbi: Wat ma'aunin ________ ne, lumen kuwa ma'aunin ________ ne.
6. Wata mai ɗinki tana kunna ƙwai 2 masu wat 9, awa 6 kullum, kwana 30. Yunit nawa za ta sha?
7. Gaskiya ko ƙarya: sikanin da ake yi wa mai juna biyu da eksire abu ɗaya ne. Kawo dalili.
8. Wace alama za a duba a jikin jariri a makon farko, a ina za a duba ta, kuma me za a yi idan an gan ta?
9. Yaya ake bambanta alfijir na gaskiya da na ƙarya?
10. A waɗannan jimloli, ina ma'ana ta zahiri, ina ta aro? (a) Fitilar nan ba ta da haske. (b) Malam, a ƙara mana haske a kan rabon gado. (c) Gari ya yi haske, mu tafi gona.

Aikin gida

Ka kafa sanda a tsakar gida, ka auna tsawon inuwarta da taƙi ko da igiya da hantsi, da azahar, da la'asar. Rubuta abin da ka samu a littafinka. Sannan ka rubuta jimloli biyar da ka ji an faɗi kalmar haske a cikinsu a gida ko kasuwa ko rediyo, tare da sana'ar wanda ya faɗa, ka kawo aji mako mai zuwa.